Ta yaya ake ɗora ƙa'ida ɗaya a kan gajimare uku ba tare da ta karkace ba?

MaiKulaDaSaba:

Assalamu alaikum. Kamfanin da nake wa aiki ya daɗe yana ajiye manhajojinsa a AWS, wato gajimaren Amazon (na'urorin da ake haya ta intanet), sai muka haɗe da wani kamfanin da komai nasa yake kan Azure na Microsoft, daga baya kuma sashen nazarin bayanai ya buɗe nasa ayyukan a Google Cloud. Yanzu gajimare uku ke wuyanmu, mu kuma ba mu kai mutum goma ba.

Takardar ƙa'idojinmu guda ɗaya ce, kuma babu ruɗani a cikinta: kada a bar ma'ajiyar bayanai a buɗe ga kowa, bayanan abokan hulɗarmu na Turai su zauna a Turai saboda GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, sannan kowace na'ura ta ɗauki laƙabin da ke nuna sashen da zai biya kuɗinta. Amma da masu bincike suka duba, sai suka tarar ƙa'idar tana aiki a wuri ɗaya, ta yi rabin aiki a na biyu, a na uku kuwa ba a ma taɓa kunna ta ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ni na sa hannu a kan cewa muna bin ta. Shin mu nemi manhaja guda da za ta riƙe dukkan ukun, ko mu rubuta dokar sau uku da kayan aikin kowane gida?

Injiniyar_Tsaro:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai shawarata ita ce ka fara da kayan da kowane gida ya tanada, domin su ne kaɗai ke tare laifi a bakin ƙofa, ko ta wace hanya mutum ya biyo. A AWS akwai dokokin SCP (Service Control Policies) a ƙarƙashin Organizations, tsarin da ke haɗa asusun kamfani wuri guda, a Azure akwai Azure Policy, a Google kuma akwai Organization Policy, kuma dukkansu ana ɗora su a saman bishiyar asusu ne su gangaro kan rassa. Sai dai kada kamanninsu ya yaudare ka. SCP ba ya ba kowa izini, iyaka kawai yake shatawa, kuma ba ya hawa kan babban asusun gudanarwa, don haka duk abin da aka gina a cikin wannan asusun ya fita daga shingen. Azure Policy kuwa tana iya hanawa, tana iya sa ido kawai ta rubuta rahoto, tana kuma iya gyara abu da kanta.

Ɗauki dokarku ta Turai. Birnin Frankfurt ɗaya ne, amma AWS na kiransa eu-central-1, Azure na cewa Germany West Central, Google kuma europe-west3. Idan ka hana duk wani aiki a wajen yankunan Turai a AWS ba tare da togaciya ba, za ka karya ayyukan da suke na duniya baki ɗaya, irin su IAM mai kula da izini da CloudFront da Route 53, saboda ana sarrafa su ta yankin us-east-1 da ke Amurka. Na taɓa ganin an yi hakan da hantsi, kafin azahar ma'aikata sun kasa ƙirƙirar ko da matsayin izini guda.

Batun laƙabi ma haka yake. A AWS, "Sashe" da "sashe" sunaye biyu ne daban. Azure na ɗaukarsu abu ɗaya. Google kuwa ba ya karɓar babban baƙi a laƙabinsa ko kaɗan, kuma ba ya barin ya wuce haruffa 63. Saboda haka ku bi tsarin wanda ya fi tsanani, wato ƙananan baƙaƙe da gajeren suna, ku ɗora shi a ko'ina.

TsohonMaginiManhaja:

Na yarda da yawancin abin da Hajiya ta faɗa, amma ina da ja a kan fara aikin daga can. Idan aka rubuta doka sau uku a harsuna uku, kuma mutane daban ke kula da kowace, to ba da jimawa ba za a gyara ɗaya a manta da biyun, wanda shi ne ainihin ciwon da mai tambaya ya kawo. Abin da ya yi mana magani shi ne mayar da ƙa'idojin su zama rubutun da ke zaune a ma'aji guda na Git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane canji, inda ba a canza ko layi ɗaya sai wani ya duba ya amince.

Muna gina komai da Terraform, manhajar da ke ƙirƙirar kayan gajimare daga rubutaccen tsari, kuma kafin a aiwatar da kowane canji, Open Policy Agent (OPA) yana karanta shirin canjin ya auna shi da dokokin da muka rubuta da harshen Rego. Idan shirin zai buɗe ma'ajiya ga jama'a, aikin yana tsayawa nan take, injiniyan kuma yana ganin dalili a rubuce tun kafin a taɓa gajimaren. OPA ba sabon abu ba ne, tun 2021 ya kai matakin kammalawa a CNCF, gidauniyar da ke rainon manhajojin gajimare, kuma wanda sauyin lasisin Terraform na 2023 ya dama yana iya yin wannan aikin da OpenTofu, wadda aka tsaga daga Terraform. Dokokin SCP da na Azure da na Google ɗin ma a cikin wannan ma'ajin muke rubuta su, Terraform ya kai su inda za su zauna.

Ba zan ɓoye raunin hanyar ba: ba ta ganin wanda ya shiga shafin gudanarwa ya danna da hannunsa. Shi ya sa muka janye izinin canji da hannu daga kowa a wurin da manhajojin abokan hulɗa ke gudana, muka bar asusun gaggawa da ake sa wa ido sosai.

MaiBincikenTsari:

Malamai, akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma shi muke fara dubawa idan mun je bincike. Dokar hani tana tare sabon abu ne, ba ta komawa baya ta gyara tsohon. Ma'ajiyar da aka buɗe shekara uku da suka wuce tana nan a buɗe bayan an kunna dokar. Azure za ta nuna ta a jerin masu saɓawa, amma sai an tayar da aikin gyara ko an sa hannu. Ko a AWS, sai a watan Afrilu na 2023 aka mayar da toshe shigar jama'a ya zama tsarin farko na sababbin bokitan S3, wato ma'ajiyun bayanan AWS, kuma wannan bai taɓa tsofaffin ba. Don haka kuna buƙatar mai zagaye, irin su AWS Config ko Cloud Custodian; na biyun yana aiki a kan gidajen uku da dokokin da aka rubuta a tsarin rubutu na YAML.

Na biyu shi ne togaciya. Babu kamfanin da ba ya ɗaga wa wani sashe ƙafa, kuma wannan ba laifi ba ne matuƙar an rubuta wanda ya nema, da wanda ya amince, da ranar da za ta ƙare. Togaciyar da ba ta da wa'adi ita ce ke zama doka a ɓoye. Azure ta tanadi gurbin ranar ƙarewa a tsarin togaciyarta, ku kwaikwayi hakan a sauran biyun ko da a cikin ma'ajin Git ne. Kuma ina roƙonku kada ku kunna hani ranar farko. Ku bar sabuwar doka ta yi makonni tana rahoto kawai, ku ga wa za ta taka, ku zauna da su.

MaiKulaDaSaba:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba ɗazu, na tarar muna da na'urori huɗu a cikin babban asusun gudanarwa na AWS, waɗanda na ɗauka SCP ya rufe su. Za mu fara da fitar da su, sannan mu sa dokar yanki a matakin rahoto a Azure. Malam mai Terraform, da kuka janye izinin canji da hannu, mutum nawa kuka bar wa mabuɗin asusun gaggawa, kuma wa ke samun sanarwa idan an buɗe shi da dare?