Kayan nitso na haɗin gida: falmaran mai aljihu da iskar mai faci

Ɗan Jiratawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema da gaggawa. Pompon sola na lambunmu ya tsinke igiya ya hwaɗa rijiya shekaranjiya. Rijiyar ta siminti ce, ruwan ciki ya kai mita 5. Karo na biyu ke nan bana, na farko jika 15 na biya wani mai nitso daga Madarunfa. Shi ne na ce mi zai hana in haɗa kayana. Ina da tabaron ninkaya da tiyo mita 20. Iska kuwa, ko in ari injin mai faci, ko in cika tukunyar kashe gobara in goya. Sannan tela ya ɗinka mini falmaran mai aljihu shida: filaya, wuƙa, tocila, igiya da sauransu. Jika 40 ke hannuna. Wane yadi ya dace, kuma wace iska ta fi?

Na Mokoyo: Jika 15? An cuce ka. Makwabcinmu jika 5 ya biya, har da tsintar mishi guga biyu kyauta.

Mai Albasa: Jika 5 a wace shekara? Ni 25 aka caje ni watan jiya, kuma ni na biya kabu-kabu zuwa da komowa.

Sarkin Zolaya: Ka ƙara aljihu na bakwai na goro. In ka iske mai rijiyar zaune a ƙasa, ai ba a shiga gidan mutum hannu rabbana.

Baba Magini: Ɗana, ka ajiye zancen aljihu ka saurare ni. Shekara 31 ina ginin rijiya da yasa. Ɗan ƙanena na rasa ta wagga hanya da kake tunani. Wani mai lambu ya kira mu yasa, yaron ya ce ya ga yadda ake yi a waya, a sa mishi tiyo a baki daga injin iska mai aiki da fetur. Na hana, ya ce Baba kun tsufa. Na tahi sallar azahar, kafin in komo ya shiga. Injin yana bakin rijiya, hayaƙinsa yana hita daidai inda yake zuƙar iskar da yake tura mishi. Yaron da ke riƙe da igiya ya ce bai ja ba, bai yi alamar komi ba, kumfa ce kawai ta daina tasowa. Abokinsa ya sauka ɗauko shi, shi ma da ƙyar muka jawo shi yana amai. Da muka hiddo nawa jikinsa ba rauni ko ɗaya, har filayar tana cikin aljihun wandonsa. Ni na yi mishi wanka. Uwar har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai, ba ta ɗaga kai. Mai lambun kuwa jika 10 ya aiko na sadaka, washegari ya kira wasu suka gama mishi aiki.

Na Mokoyo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan shi, Baba.

Mai Albasa: Allah ya gafarta mishi. Mai lambun nan bai kyauta ba wallahi.

Tsohon Ɗan Kwatano: Allah ya ba da haƙuri, Baba. Na yi shekara 6 ina riƙe wa masu nitso igiya a tashar jirgin ruwa. Gubar da ke cikin hayaƙin inji ba ta da wari, ba ta da launi, barci take sa mutum. Injin mai faci kuma ko na lantarki ne yana turo tururin mai cikin iskar. Zancen tukunya: ta masu nitso ta gaskiya, lita 12, ana cika ta bar 200 (bar ma'aunin ƙarfin matsin iska ne), kuma sai da na'urar da ke rage ƙarfin iskar daidai zurfin da kake, wadda wasu Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙera a Faransa a 1943. Tayar mota bar 2 da ɗoriya ce. Tukunyar gobara da mai faci zai cika maka, 'yan shaƙa kaɗan za ka yi ta ƙare, ga garin hodar da ya saura a ciki. Amma abin da ya fi ba ni tsoro wani ne daban. A mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na tudu, a mita 5 ya ƙaru da rabi. Ka shaƙi iskar inji a ƙasa, wuta ta ɗauke, ka firgita ka riƙe numfashi ka taso, iskar nan kumbura take a ƙirjinka har huhu ya yage. Tasowar mita 2 ma ta isa.

Ɗan Jiratawa: To in na bar inji, in bar bakin tiyo a waje kawai in riƙa zuƙa?

Tsohon Ɗan Kwatano: Gwada a randa mai zurfi ka gani. Mita 1 ƙirjinka ba zai iya buɗewa ba. Ko ya buɗe, iskar da ka fitar ce za ka riƙa maidawa.

Jikan Sarkin Ruwa: Ku da bar ɗinku da lita. Kakanninmu sun yi nitso a tafkin Madarunfa da Gulbi ba tiyo ba tabarau. Numfashi ɗaya, igiya a ƙugu, sai abin da aka gada. Wanda ya riƙe igiya a Kwatano ba shi ne zai koya muna ruwa ba.

Tsohon Ɗan Kwatano: Ai magana ɗaya muke. Mai numfashi ɗaya huhunsa ba ya yagewa, don iskar da ya sauka da ita ce ya taso da ita.

Jikan Sarkin Ruwa: Ba ɗaya ba ce. Kai ka karanta, mu an haife mu ciki.

Baba Magini: Ruwan tafki daban, na rijiya daban. Rijiya kafin ka isa ruwa ma iskar cikinta tana iya kashe ka. Mu fitila muke zurawa, in ta mutu ba mai sauka.

Inna Tela: Tun da ba wanda ya amsa zancen ɗinki, bari in ce wani abu. Na ɗinka wa masunta irinta sau uku. Ba yadi ake sa ba, raga ce mai kauri, ko ka huda gindin kowane aljihu, in ba haka ba buhun ruwa ka goya. Zif kuma laka na cije shi. Amma ɗana, aljihu shida cike da ƙarfe ai dutse ka ɗaura wa kanka, kuma kowane baki abin maƙalewa ne a wayar pompo. Biyu sun isa, gaban rigar a bar shi yadda ja ɗaya zai tuɓe ta. Jika 3 nike yi. Sai dai bayan labarin Baba hannuna ya yi sanyi.

Sarkin Zolaya: Inna, in ya ba ki yau, ya karɓa bayan babbar salla. Kin cece shi ke nan.

Mai Albasa: Ni tambayata, don mi pompo ke ta hwaɗuwa bana? Igiyar da ake haɗo muna da shi ce ta banza, wata uku rana ta cinye ta. Na komo wurin wanda ya saida mini, ya ce shi pompo ya saida ba igiya ba.

Na Mokoyo: Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, komi ya hau, mai kyau ya ɓace. Pompon da na saya jika 60 yanzu 90 suke cewa.

Mai Albasa: 90 ina? Na ga na 55 ranar Juma'a a babbar kasuwa.

Na Mokoyo: Wannan wanda ya ƙone ne aka sake naɗawa aka fesa mishi fenti. Ɗaga shi ka ji nauyi.

Ɗan Jiratawa: Jama'a, nawa dai yana ƙasan rijiya, tumatir ya fara langaɓewa.

Baba Magini: Ina da ƙugiya mai baki huɗu. In wayar ba ta tsinke ba, kada ka ja ta. Zo Bagalam bayan asuba ka ɗauke ni a moto.

Mai Albasa: Na Mokoyo, shi wanda aka sake naɗawar wata nawa yake yi? Don na riga na ba da kafin alƙalami.