Duhun Oktoba 2024: da hukumar jiha ce ke riƙe da wuta, da mun sha wannan wahalar?

Mai walda, Tudun Wadan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka yi ta gardama a shago, wani yaro na ce min wai yanzu kowace jiha na iya kafa hukumar lantarki tata, shi ne na tuna duhun nan na Oktoba 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki ba wuta. Ni dai ƙofofi biyu na karɓi kafin alƙalami, man janareto ya cinye ribar har da uwar kuɗi. Kowa ya faɗi yadda ya ƙare, kuma ku gaya min in jiha za ta iya hana irinsa.

Mai ƙanƙara, Samaru: Hmm Malam ka taɓo min tabo. Firiza biyu gare ni cike da zoɓo da kunun aya, duk na zubar wallahi, ga cajin waya sai na aika yara Kwangila, ga ruwa ya yi tsada don ba wutar da za a jawo shi daga bohol, har maƙwabciyata mai jego sai da muka riƙa kai mata jarka. Ni ko jiha ko tarayya, a ba ni inda zan kai kuka da ƙafata.

Tsohon ma'aikacin wuta, Sabon Gari: Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Yaronka bai yi ƙarya ba Malam, Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki a Maris 2023, Tinubu ya sa hannu a dokar lantarki a Yuni, Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ikon daga NERC, hukumar lantarki ta tarayya, a 2024. Amma fa ikon nan iyakarsa cikin jiha ne, farashi, mita, lasisin kamfanin da ke raba wuta, ƙorafin kwastoma. Abin da ya jefa mu duhu kuwa ɓarayin daji ne suka lalata babban layin Shiroro zuwa Mando mai 330kV, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi shi ma ya faɗi. Layin da ya ƙetare Neja ya shigo Kaduna na TCN ne, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, tarayya ke da shi, ko hukuma goma muka kafa ba mai hawa wannan turken. Ni a kwanakin nan rediyo mai batir na koma, jikokina na min dariya.

Ɗalibi, Kongo: Baba gaskiya ne, ai ko Enugu da hukumarsu ta rage kuɗin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 160 kowane yunit a 2025 sai da aka yi ta cacar baki, don wutar daga babban layin ƙasa ake sayo ta. Mu a duhun Oktoban nan jarabawa ta matso, fitilar waya muka yi karatu da ita.

Mai walda: To ashe kenan ko an kafa, taransifomar unguwa kawai za mu samu mai ji mana. Ba laifi, tamu ma sau biyu muna haɗa mata kuɗi gida-gida, har yau ba rasit.

Mai ƙanƙara: Ku har sau biyu? Mu jibi za a zo karɓar karo na uku, kuma bil na nan yana zuwa kamar ba abin da ya faru.