Batirin sola a ɗakin kwana: dabara ce ko ganganci?

Mai Sabon Gida: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin a huda mini bango. Na sayi inbata da batirin lithium mai kilowat-awa 5, wanda zai haɗa mini ya ce a kafa su a ɗakin kwanana, bayan ƙofa. Wai ɗakin ya fi ko'ina sanyi a gidan, ɓarawo ba zai kai can ba, kuma lithium ba ya fitar da iska irin ta tubula, wato batirin dalma mai ruwa. Uwargida ta ce ita dai ba za ta kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Wa ke da gaskiya?

Oga Mai Sola: Wa alaikumus salam Alhaji. Abokin sana'ata bai yi maka ƙarya ba. Babban maƙiyin batir a ƙasar nan zafi ne. Ana auna ƙarfin batir da tsawon ransa ne a digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu Kano tana haura 40, balle Sakkwato da Maiduguri. Ka shiga sito mai rufin kwano ba silin da ƙarfe uku na rana ka ji. Batirin dalma, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 ɗin nan, rabin shekarunsa ke tafiya. Lithium ya fi juriya, amma yawancinsu kamfani ya rubuta kada a yi musu caji sama da digiri 45. Mutum ya zuba miliyoyi ya kai kayansa inda za su dahu, shekara biyu ya dawo yana zagina wai na sayar masa da jabu. Ɗakin kwana ya fi.

Hajiya Babba: Ɗana, kai batir kake tausayi, ita kuma matar gidan ranta take tausayi. Ina bayanta.

Oga Mai Sola: Hajiya, ranki ya daɗe, wayar da ke ƙarƙashin matashinki ma lithium ne a cikinta.

Injiniya: Oga, batirin waya bai fi wat-awa 15 zuwa 20 ba, na Alhaji 5,000 ne. Ka raba ka gani, wayoyi ɗari biyu da hamsin ke nan ko fiye a akwati ɗaya. Maganarka ta zafi kuwa na yarda da ita gaba ɗaya, sai dai ba ita kaɗai ake dubawa ba.

Gaskiya ne irin lithium da aka fi sa wa sola yanzu, wato LiFePO4, ya fi na waya da na kwamfuta wuyar kamawa da wuta. Amma wuyar kamawa daban, rashin kamawa daban. In ɗaya daga cikin ƙwayoyin da aka haɗa batirin da su ta lalace ta fara ɗumama, tana fitar da hayaƙi mai guba wanda kuma yake iya cin wuta, zafin ya bi ƙwayoyin da ke kusa da ita. Mai barci hayaƙi ke fara gamawa da shi tun harshen wuta bai iso ba. To ku dubi yadda muke gini: taga duk an ɗinke ta da ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya ce tak. An ce a kafa batir a bayan wannan ƙofar. In abu ya tashi ƙarfe biyu na dare, ta ina za a fita?

Ba mu kaɗai muka yi wannan tunanin ba. Ƙa'idar Ostareliya, AS/NZS 5139, ta hana kafa batirin gida a ɗakunan zama da na kwana, da ƙarƙashin matakala, da cikin silin, da kan hanyar fita. Birtaniya ta fitar da tata a 2024, PAS 63100, ita ma ta cire ɗakin kwana da hanyar tsira. Waɗannan ƙasashe ne da ake tantance kaya kafin su shiga kasuwa, duk da haka suka hana.

Oga Mai Sola: Injiniya, dokar Turawa ce wannan. Su suna da gareji mai sanyi, ba su da ɓarayin batir. Na kafa wa mutane da yawa a ɗaki, ban taɓa jin ko ɗaya ya kama ba.

Injiniya: Allah ya ci gaba da tsarewa. Amma ka fi ni sanin kasuwa. Nawa ne daga cikin batiran da ke yawo aka cika su da tsofaffin ƙwayoyi aka manna musu sabuwar takarda? Nawa ne BMS ɗinsu, wato na'urar da ke yanke caji in ya yi yawa ko zafi ya wuce kima, take aiki yadda aka rubuta? Mai saye ba ya buɗe akwatin. Kuma abin da na fi gani yana ƙonewa ba ƙwayar batir ba ce, kan waya ne da ba a ɗaure da kyau ba, ya yi ta ɗumi har roba ta narke. Wannan ba ruwansa da lithium ko tubula.

Maman 'Yan Biyu: To ni nawa tubula ne guda biyu, suna falo bayan kujera, na lulluɓe su da zani saboda yara. Injiniya, ni ma na yi laifi ke nan?

Malamin Kimiyya: Anti, don Allah ki cire zanin nan yau, kada ki jira gobe. Naki ya fi na Alhaji gaggawa. Batir mai ruwa, in caji ya kusa cika, yana fasa ruwan da ke cikinsa ya saki iskar haidurojin. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Lokacin da ta fi fita kuwa shi ne tsakar rana, sa'adda fanel ke turo wuta da ƙarfi, kin rufe tagogi saboda zafi. Ta fi iska sauƙi, sama take tashi, don haka ramin iska a saman bango ake yi mata, ba a ƙasa kaɗai ba. Zanin ki yana tare ta, yana kuma riƙe zafi. Ga asid a ciki, ga yara masu son buɗe murfi. In kika taɓa jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, caji ya yi masa yawa, a kashe a kira mai gyara.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Na cire. Amma ina zan kai su? Kicin akwai wuri ƙarƙashin kanta.

Malamin Kimiyya: Kicin ya fi falon muni. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in tukunya tana yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda batir yake. Inbata kuma tana yin ɗan tartsatsi a ciki duk sanda ta sauya daga wutar Nepa zuwa batir. Haka nan ɗakin janareta inda ake ajiye jarkar fetur.

Kawu Direba: Ku dai duk inda za ku kai shi kada ku ɗora a kan siminti. Siminti yana shanye cajin batir, tun muna yaran mota muka san wannan.

Injiniya: Kawu, a zamanin da ake yin gidan batir da katako ko baƙar roba mai tsattsagewa, maganar tana da tushe. Na yanzu robarsa ba ta bari wuta ta bi. Amma kada ka sauke naka daga kan katakon, akwai wani dalilin.

Ɗan Maiduguri: Dalilin ni zan faɗa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shiga gidaje cikin dare. Duk wanda batirinsa ke ƙasa a unguwarmu ya yi asararsa, har da inbata in an kafa ta ƙasa-ƙasa. Ko ba ambaliya, ruwan damina da ke malalowa ta ƙarƙashin ƙofa ko na wanke tsakar gida ya isa ya sa kan batir tsatsa. A yi masa dakali ko teburin ƙarfe. A kuma tuna tubula mai 200Ah ya haura kilo 60, ba kowane benci ke ɗaukar biyu ba.

Mai Sabon Gida: Kun hana ɗaki, kun hana kicin, kun hana falo. Saura zaure. Yana da iska, yana da inuwa.

Hajiya Babba: Zauren da kowa ke bi ya fita? In wuta ta tashi a can kun zama kaji a akurki. Ga almajirai da baƙi suna zama, kowa ya ga abin da ka mallaka.

Oga Mai Sola: Kun gani ko? Kowane wuri da aibinsa. Shi ya sa muke cewa ɗaki. Kuma akwai abin da ba ku lissafa ba, kuɗin waya. In ka kai batir can ƙarshen gida, wayar da za ta haɗa shi da inbata mai kauri ce, tagulla zalla, kowace mita kuɗi ne. In ka yi rowa ka sa siririya, ita ce za ta yi zafi ta jawo gobarar da kuke gudu.

Injiniya: A nan ne nake ganin ake ruɗa mutane. Wa ya ce a raba batir da inbata? Tare za su ƙaura. Ɗauki lodin wat 3,000. A batir mai bolt 24, amfiya 125 ke bi ta wayar. A mai 48, kusan 63. Amma bayan inbata ta mai da ita 230, amfiya 13 ce kawai. Don haka wayar batir zuwa inbata a bar ta gajera, mita ɗaya zuwa biyu, da fiyus ko bireka dab da kan batir. Wayar da za ta yi doguwar tafiya zuwa allon rarraba wutar gida ita ce mai 230, wadda ba ta fi ta na'urar sanyaya ɗaki kauri ba. Kuɗin bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Gaskiyar magana, kafawa kusa da mitar wuta ya fi wa mai aiki sauƙi, ya gama da wuri ya tafi wani gidan.

Oga Mai Sola: Injiniya ka fara taɓa mu ke nan. To zafin fa? Ba ka amsa shi ba.

Injiniya: Zafi da gini ake maganinsa. Ɗan ɗaki na bulo, ko sito da ake da shi, a yi masa silin, a huda ramin iska sama da ƙasa a sa raga saboda ɓera da ƙadangare. A guji bangon yamma, shi ke shan ranar la'asar ya yi ta amayar da zafi har tsakar dare. Ƙofar ƙarfe da kwaɗo ta amsa maganar ɓarawo. In tubula ne, kada inbata ta zauna daidai saman batir, tururin asid yana cin allonta, a matsar da ita gefe. A bar tazara a kowane ɓangare don fankarta ta yi numfashi, a riƙa kaɗe ƙura lokacin hunturu. Kada a tara katifu da kwalaye a wurin. Ƙararrawar hayaƙi ma ba ta da tsada.

Oga Mai Sola: Mai gida ke nan. Ɗan haya mai ɗaki ciki da falo fa, ya gina ɗaki a gidan wani? Rabin masu sayen kayana 'yan haya ne.

Malamin Kimiyya: Nan kam Oga ya kawo magana. Ɗan haya dole ya zaɓi mafi sauƙin sharri. Ni zan ce falo, a kusurwar da ta fi nisa da ƙofar fita, kusa da taga, kuma lithium na kamfanin da aka sani, ba tubula ba. Ko kejin ƙarfe a baranda in rana da feshin ruwa ba sa kaiwa.

Oga Mai Sola: Keji a baranda, a gidan haya? Malam, da alama ba a taɓa yanke maka kwaɗo ba. Ni dai ga ɗan haya ban sauka daga ra'ayina ba. Amma Alhaji gidansa ne, yana da sito, ya bi ta Injiniya.

Mai Sabon Gida: Siton nawa yana gabas, jikin katanga, sai dai ba silin kuma buhunan masara ne a ciki. Injiniya, in na sa silin na huda bango, masarar za ta iya zama a gefe?

Injiniya: A'a Alhaji, masara tana jawo ɓera, ɓera yana cin waya. Ka fitar da ita. Kafin ka kira kafinta, ka rataya ma'aunin zafi a ciki ka duba da ƙarfe uku na rana, ka turo mana abin da ya nuna. In ya wuce 35 bayan an sa silin, sai mu yi maganar ƙaramar fanka mai zuƙe iska.