Katangar Belfast: ita ta tsayar da jini?

Dakta: Jama'a na dawo daga Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, kuma ni dai na yarda katanga ce ta kwantar musu da rikici. Tsakanin unguwar Falls ta 'yan Katolika da Shankill ta 'yan Furotesta akwai doguwar katanga, da ƙofofin ƙarfe da ake rufewa da daddare. Tun 1969 aka fara gina irinsu.

Kawu: Sannu da hanya, Dakta, amma sake lissafi. An yi katanga a 1969, aka ci gaba da kashe-kashe kusan shekara 30, sama da mutum 3,500 suka mutu. Yarjejeniyar 1998 ce ta sa aka ajiye bindiga, don ita ta raba mulki tsakanin ɓangarorin biyu.

Dakta: To Kawu, me ya hana su rushewa? A 2013 gwamnatinsu ta yi alkawarin kawar da su kafin 2023. Wa'adi ya wuce, suna nan daram. Da yawa cikin masu kwana a gindinsu ba su yarda a taɓa ba.

Hajiya: Tsoro ne ya hana su. Mu a Kaduna ai kogi ya yi mana wannan aikin, ba bulo ba siminti. Bayan rikicin 2000 da na 2002 kowa ya kwashe komatsansa ya koma gefen nasa. Yayata gidanta ta sayar a Kakuri da asara, ta koma Rigasa, har yau ba ta yarda magariba ta same ta a ƙetaren gada. Wannan ne zaman lafiyar?

Auta: Anti, ni ina ganin mutuwar masaƙu ce ta jawo. Lokacin da masaƙun Kaduna, KTL da UNTL, ke aiki, Musulmi da Kirista inji ɗaya suke tsayuwa, albashinsu rana ɗaya.

Dakta: Aiki tare ba kullum yake haɗa kai ba, Auta. Belfast ma garin masaƙu ne, kuma can kamfanin Harland & Wolff ya ƙera jirgin Titanic. Amma a 1920 ma'aikata 'yan Furotesta suka fatattaki 'yan Katolika daga wuraren ƙera jiragen.

Kawu: Ku bar tafiya nesa. Nan Zariya Turawa suka ware Sabon Gari ga baƙi 'yan kudu, Tudun Wada ga baƙi 'yan arewa, birni yana cikin ganuwarsa. Ganuwa ta zube, yau kasuwar Sabon Gari kowa ke cinta.

Hajiya: Allah ya ja kwana, Kawu, 1987 fa? Ai ganuwar ta daɗe da zubewa lokacin da wutar rikicin Kafanchan ta iso mana.