Koya wa yara kalmomin Turanci da ishara da wasa: abin da kowa ya gani a ajinsa

Malamar darasin yamma, Makka:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da iyaye. Ina karantar da yara 11 a falon gidanmu kusa da Shari'ul Mansur bayan La'asar, 'yan shekara shida zuwa takwas, waɗanda suke jin Hausa a bakin kakanninsu amma Larabci suke yi a titi da makaranta. Tun da aka mayar da darasin Turanci ya fara daga aji ɗaya na firamare a 2021, iyaye suke kawo mini su da littafi a hannu, suna so in sa su haddace jerin kalmomi kamar yadda aka yi mana. Wata biyu na yi a kan haka, yaran suna rera kalmomin da daɗin murya, amma ranar da na nuna ƙofa na tambayi sunanta sai falon ya yi tsit. Daga nan na ajiye jerin, na koma faɗin kalma ina aikata ta: in ce "stand up" in miƙe, in ce "sit down" in zauna, ba tare da fassara ba. Yanzu duk abin da na umarta suna yi, sai dai bakinsu a rufe yake. Ina roƙon wanda ya taɓa fuskantar wannan ya faɗa mana yadda ta kaya a wurinsa.

Tsohon malamin firamare, Jidda:
Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi albarka. Kada shirun nan ya tayar miki da hankali. Hanyar da kika kama, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna James Asher na jami'ar San Jose a Amurka ne ya tsara ta tun shekarun 1960, kuma ginshiƙinta shi ne kunne yana riga baki, kamar yadda jariri yake miƙo abu idan an ce ya kawo tun bai iya cewa "mama" ba. Na taɓa samun yaro wanda ya yi kusan mako shida bai ce uffan ba, har mahaifinsa ya zo yana tambaya ko kuɗinsa yake zubarwa. Wata rana na ba shi hulata, na ce yau shi ne malam, ni kuma na zauna cikin yara. Da ƙaramar murya ya ce "jump", na yi tsalle da furfurata, ajin ya kaure da dariya, shi kuwa ya ci gaba da jero umarni har bakwai waɗanda ban san ya riƙe su ba. Tun daga ranar nake ware minti biyar na ƙarshe domin yara su umarce ni.

Wata uwa, Madina:
Ni ba malama ba ce, 'ya'yana biyu nake taimaka wa a kicin. Abin da zan ƙara shi ne a kula da irin isharar da za a zaɓa. Na tattara yatsuna wuri ɗaya domin in nuna "eat", sai yaran suka daskare, domin a ƙasar nan tattara yatsu sama yana nufin a dakata. Sai da na kai hannun har baki ina tauna kafin suka gane.

Malamin makarantar kuɗi, Jidda:
Baba, da izininku zan ɗan saɓa muku a wuri guda. Na yarda shirun ba laifi ba ne, amma yin abu daidai ba ya tabbatar da cewa yaro ya ji kalmar. A ajina na yara 26 na ɗauki tsawon zango ina murna, ashe mafi yawansu hannuna suke kallo, wasu kuma suna kallon wata yarinya mai kaifin kai da ke gaba, da ta motsa sai su bi ta. Na gano haka ne ranar da na riƙe littattafai da hannu biyu na ce su taɓa hanci, aka rasa mai motsi sai ita. Yanzu kowace kalma tana bin matakai uku a wurina: ina faɗa ina yi, sannan ina faɗa hannuna a baya, sannan ina faɗa ina yin isharar da ba ita ba da gangan, wani lokaci ma in sa su rufe ido. Wanda ya tsallake na ukun shi ne ya mallaki kalmar.

Akwai kuma kalmomin da jiki ba ya iya nuna su. Gudu da tsalle da launuka da gaɓoɓin jiki suna da sauƙi, amma na ɓata rabin darasi ina nuna bayan kafaɗata domin "yesterday", yara suna ta cewa baya. A irin wannan na fi ganin a faɗi ma'anar sau ɗaya da Larabci ko Hausa, a wuce.

Wurin da wasa ya fi yi mini amfani shi ne furuci. Larabci ba shi da sautin p, saboda haka "pen" ya kan zama "ben", waɗanda Hausa ta fi zama a bakinsu kuma su karkata zuwa f. Kowane yaro na ba shi fallen tishu ya riƙe a gaban leɓensa: idan sautin ya fita daidai takardar za ta kaɗa, idan b ya yi ba za ta motsa ba. Da idonsu suke ganin bambancin da kunnensu bai kama ba tukuna.

Malamar raino, Makka:
Ni 'yar gala-gala na zana da salatif a kan tayil, tun da zafi ba ya barin mu fita tsakar gida, na sa hoto a kowane gida, sai yarinya ta faɗi sunan hoton kafin ta taka. Amma na daina fitar da wadda ta yi kuskure daga wasa, domin na lura wadda ake fara fitarwa ita ce ta fi kowa bukatar maimaici, sai ta ƙare a gefe tana kallo da hawaye. Yanzu wadda ta kuskure tana komawa gidan farko ne kawai.

Malamar darasin yamma, Makka:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, jiya na gwada sa hannu a baya, kuma gaskiyarka ce: yara huɗu ne kaɗai suka bi umarni goma ba kuskure, sauran suna satar kallon juna. Baba, na ba ƙaramarsu mayafina ta zama malama, ta ce mini "sleep" har sau uku domin ta ga na kwanta a kan darduma. Abin da ya rage mini shi ne iyaye, waɗanda suke buɗe littafin rubutu kowane dare su ga shafi fari, kuma biyu daga cikinsu sun riga sun yi mini magana. Na shirya gayyatarsu ranar Alhamis su zauna a bayan falo su kalli darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma zan so in ji ko akwai wanda ya taɓa yin haka da iyayen ɗalibansa.