Tun da na koma hawa roba-roba nake ganin Kano daban, ko ni kaɗai ne?

Ɗan Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu hawa babur, musamman ƙanana irin namu, roba-roba da danginsu.

Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, na lulluɓe motata da tamfol na sayi Lifan na hannu. Ba sha'awa ba ce, aljihu ne ya yanke hukunci. Kullum daga Rijiyar Zaki nake fitowa, in biyo Kabuga, in miƙe titin BUK ta Ƙofar Famfo, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, in ɓulla Gidan Murtala in wuce wajen aiki. Shekara da shekaru ina bin titin nan a mota, amma da za a ce in ba da labarinsa, iyakata in lissafa inda ake cunkoso da inda ramuka suke.

Yanzu kuwa abin ya sauya. Badala ce ta fara ɗaukar hankalina. A mota tudun jar ƙasa ce kawai a gefen hagu. A kan babur sai ka ga inda ruwan sama ya zaizaye ta ya bar kwari-kwari, da 'yar hanyar da ƙafafun yara da awaki suka fitar har sama, da inda aka yanke ta aka kafa gini. Wuraren da na sani da kududdufai tun ina ɗalibi, an cike su, shaguna sun tsaya a kai, kuma wallahi ban san lokacin da hakan ta faru ba, alhali ta gabansu nake wucewa safe da yamma.

Ba ido kaɗai ba ne ma. Idan na zo daidai masu sayar da dashen fulawa a bakin titi, da safe suna ban-ruwa, sai in ji sanyi ya bugi ƙwaurina na ɗan lokaci, in wuce zafi ya dawo. Shiga ƙarƙashin gadar Gadon Ƙaya ma haka, iska ta sauya, ƙarar injin ta dawo maka a kunne. Da bazara, lokacin da darbejiya ta yi fure, akwai wani ƙamshi da ke tashi da asuba wanda ban taɓa sanin yana kan hanyata ba. Har hadari na koyi karantawa: in gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak sannan ta taso da ƙura da ledoji, to ka nemi rumfa, saura kaɗan.

Maiɗakina ta ce wannan duk shagala ce, mai babur ba shi da hurumin kallon badala. To shi ne nake tambaya: kowa ma haka yake ji, ko sabon shiga ne ke damuna? Kuma lurar nan alheri ce ko hanyar asibiti?

Baba Mai Besfa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, barka da shigowa gari. Ni Besfa nake hawa tun ina koyarwa a firamare, irin wadda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, giya a hannun hagu, tayar safaya a maƙale a gefe. Jikana ne ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Abin da ka gani a titin BUK somin taɓi ne. Ranar da ba ka da aiki, ka shiga cikin gari, inda mota ba ta isa ta sa kai ba. Ka bi ta Mandawari ka gangara wajen Kurmi da Jakara, ka shiga lungunan da in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango. A can hanci ne ke yi maka jagora. Kafin ka ga tanderu ka ji ƙamshin gurasa, kafin ka ga dukawa ka ji warin fata, a Ƙofar Mata kuma tsamin baba da toka na marina zai tare ka tun daga bakin titi. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, fiye da shekara 500 ke nan, kuma lungunan da ke kewaye da ita don mai ƙafa da mai jaki aka yi su. Babur ne kawai injin da suka yarda da shi.

Amma ni abin da na fi ɗauka da girma ba ƙamshi ba ne. Mai babur ana ganinsa kamar yadda yake gani. In ka biyo unguwa ka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa zaune jugum, buta a gefe, ka san an yi rashi. Dole ka kashe inji, ka sauka, ka yi ta'aziyya, ko da ba ka san mamacin ba. In ka ga rago a ɗaure da yara suna zagaye shi da sassafe, suna ne, ka ce Allah Ya raya. Mai mota ya ɗage gilashi ya kunna rediyo, sai bayan sadakar uku ya ji labari a masallaci, ya zo yana ba da haƙuri. Abokaina da yawa da suka sayi mota, ba girman kai suka yi ba, gilashi ne ya raba su da mutane.

Ka gaida maiɗakin naka, ka ce mata tana da gaskiya rabi.

Tsohon Ɗan Acaɓa:

Baba, a gafarce ni, ina ganin girmanka, amma ba rabi ba ce gaskiyar Hajiya, cikakkiya ce.

Yallaɓai mai tambaya, ni acaɓa na yi a garin nan har watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan na koma A Daidaita Sahu. Na san titi ta sama na san shi ta ƙasa, don akwai ƙarfe a ƙafata ta hagu har yau. Wani mai mota ne ya buɗe ƙofa bai duba ba, ya kuma ja motarsa ya bar ni kwance.

Gaskiya ne babur yana buɗe ido. Tambayar ita ce, ina za ka kai idon? Yi lissafi da kanka. In kana gudun kilomita 40 a awa, kowace daƙiƙa kana cin mita 11. In 60 ne, kusan mita 17. Ka juya ka kalli badala na daƙiƙa biyu, ka yi tafiyar da ta fi tsawon tirela ba tare da ka ga gabanka ba. A titin BUK kuma, da safe, lokacin kai yara makaranta.

Mu abin da muke lura da shi daban ne. Ba ma kallon sigina, don rabin masu mota ba sa sawa, wasu kuma sun manta ta a kunne tun daga Kabuga. Tayar gaba muke kallo, ita ba ta ƙarya, inda ta karkata nan motar za ta. In kana bayan ɗan sahu, kar ka kalle shi, kalli bakin titi: duk inda ka ga mutum a tsaye ya ɗaga hannu, to ɗan sahun nan zai yanko ya tsaya a gabanka ba sallama. Ina faɗa maka ne a matsayin wanda ke yin hakan. Motar da ke fake, leƙa ta gilashin baya, in akwai kai a kujerar direba ka ba ta tazarar ƙofa guda. Ƙwallo ta gangaro titi, taka birki tun kafin ka ga yaro, yana nan tafe. Akuya tana da wayo, ta kan ja da baya, amma tunkiya in ɗaya ta tsallaka sai sauran duk sun bi, ko tirela ce ke zuwa.

Sai ƙasa. Bayan ruwan sama yashi na taruwa a kwana da gefen shataletale, kuma ƙaramar taya irin ta roba-roba ba ta yafe wannan, ka kama birkin gaba a kan yashi ka sha ƙasa. In ka ga kwalta tana ƙyalli kala-kala, gas ne wata babbar mota ta zubar, ya fi sabulu santsi. Ruwan da ya kwanta a titi kuma kar ka yarda da shi sai ka ga wani ya bi ta ciki, don ba ka san ko murfin kwata ne aka sace a ƙarƙashi ba.

Wanda ya cika kansa da waɗannan, ina ya ga sararin shaƙar furen darbejiya?

Maman Hadiza, Damagaram:

Sallama gare ku mutanen Kano. Mu nan Zinder mata da yawa muna tuƙa moto, ba abin kallo ba ne, ni da ita nake zuwa aiki gidan likita. Irin mai faffaɗan wurin aje ƙafa ce, ka zauna da zaninka ƙafafu a haɗe.

Malam ɗan acaɓa, maganarka dutse, amma ina ga kun ɗauki abu guda kun raba shi biyu. Idon da ke ganin tunkiya shi ne ke ganin gari. Ni in na fito da safe na tarar da 'yan ga-ruwa sun yi dogon layi da kurarsu da jarkoki a bakin famfo, na san unguwar nan ruwa bai zo ba, na san kuma yau yara da jarka za su yi ta ratsa titi, sai in rage wuta. Ranar kasuwar Dole, tun daga amalanken shanu da nake gamuwa da su a hanya nake sanin yadda tsakiyar gari za ta kasance. Wannan kallon gari ne ko kallon hanya?

Cikin Birni kuwa, wajen fadar Sarkin Damagaram, dole ma ka tafi a hankali don lungu ne da duwatsu. A nan na fara lura da zanen da ke jikin tsofaffin soraye, wanda magina suka fitar da hannu a kan laka, wani an sake shafa masa fenti, wani yana zubewa. An haife ni a garin nan, amma sai da na fara tuƙi da kaina na san gidan da ya fi kowane kyau, don a da in an goya ni, hankalina na kan riƙe hijabi.

Tunda na ambaci hijabi, 'yan'uwa mata da masu goya iyali: a tattare shi a zauna a kai kafin a tashi. In ya shiga tayar baya, ta wuya yake fizgo mutum. Muna karɓar irin waɗannan a wurin aiki, ba labari aka ba ni ba. Maza masu babbar riga ma haka.

Malamin Kimiyya:

Ɗan ƙarin bayani a kan dalili. Gudu yana ƙuntata gani: iya saurinka, iya yadda ido ke tattaruwa a kan abin da ke can gaba, gefe da gefe su zama hazo. Roba-roba a cikin gari ba kasafai take wuce 40 zuwa 50 ba, ga shi babu rufi, babu ginshiƙan gilashi da ke tare gefe, kunne da hanci da fata duk suna aiki. Sannan akwai tsoro. Jiki ya san ba abin da ya raba shi da kwalta, shi ya sa hankali ba ya tafiya yawo yadda yake yi wa mai mota a cikin sanyin na'ura.

Sai dai iskar da ke kawo maka ƙamshin gurasa ita ce ke kawo hayaƙin salansa da ƙurar hunturu kai tsaye cikin ƙirji. Ka sa takunkumi, ka sa tabarau, ka sa hular kwano ta gaske. Masu shekaru za su tuna farkon 2009 da aka tilasta sa ta, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka.

Ɗan Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba, in sha Allahu ranar Asabar zan shiga ta Mandawari, in na ɓata a lungu zan tambayi hanyar Jakara. Maman Hadiza, na karanta wa maiɗakina maganar hijabi, ta ce a gode miki. Malam ɗan acaɓa, yau da na fito na gwada kallon masu ɗaga hannu a bakin titi, kuma tabbas kafin Ɗan Agundi wani ɗan sahu ya yanko gabana daidai yadda ka faɗa. Amma fa ban fasa jin sanyin masu fulawa ba, shi ba ya buƙatar in juya kai.

Tsohon Ɗan Acaɓa:

Wanda ya yanko maka ɗin ma wataƙila ni ne, a yi haƙuri, fasinja ne. Sanyi ka ji abinka, ban hana ba. Badala dai in tana kiranka, sa sigina, duba madubi, gangara gefe ka kafe babur ka kalle ta har ka ƙoshi. Kuma tunda na hannu ka saya, kafin Asabar ɗin ka kai wa bakanike ya duba maka takalmin birkin baya da tayar gaba. Lungunan Jakara ruwan kwata ne ke bin tsakiyarsu, sudaddiyar taya ba za ta kai ka Kurmi ba.