Wanda ya taɓa sa kuɗi a wasan jifan kibiya ya faɗa mini gaskiya, kafin in zauna da ƙanena

Mai Shago, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 22, ni na saya masa moton da yake haya da shi. Tun watan Disamba kuɗin da yake kawo mini kullum ya fara zuwa da giɓi. Yau cikakke, gobe rabi, jibi "Yaya, taya ce ta fashe." Shekaranjiya na same shi a zaure wajen ƙarfe 11 na dare, ya duƙufa kan waya, yana kallon wasu Turawa biyu suna jifan wani faifai da ƙananan kibau. Ya ce sunan wasan fileshet. Wai ba kamar ƙwallo ba ne, mutum biyu ne kawai, babu kunnen doki, babu alƙalin da zai cuce ka, wanda ya iya lissafi ba ya faɗuwa.

Hukuncin caca na san shi, shi ma ya sani, makarantar allo ɗaya muka yi. Abin da nake nema daban ne. Wanda ya taɓa shiga ya faɗa mini yadda abin yake farawa da inda yake kai mutum, don kada in buɗe baki ya ce mini ban san komai a kai ba.

Ɗan Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Yaya. Maganar da ƙanenka ya faɗa maka, ni ma da bakina na faɗa wa mutane, kalma ba ta canza ba.

Na fara a Disambar 2023. Da ma ina ɗan buga tike, wato takardar caca, a ƙwallo, sai wani dare na hunturu muna wurin mai shayi wani abokina ya nuna mini wani yaro ɗan Ingila, Luke Littler, ɗan shekara 16, yana kayar da manya a gasar duniya da ake yi a Alexandra Palace a Landan. Gaskiya wasan ya kama ni, kuma har yau ina ganin kyansa. Kowa yana farawa da maki 501, ana ragewa har sifili, jifa uku kai, jifa uku shi. A faifan akwai wani ɗan siririn gida a ɓangaren 20, faɗinsa bai kai na ɗan yatsa ba, shi ke ba da 60. In ka cusa kibau ukun nan a ciki ka yi 180 ke nan, zauren ya ɗauki ihu. Amma duk yawan makinka ba ka gama zagaye sai kibiyar ƙarshe ta shiga gidan ninki biyu da ke bakin faifan, ko kuma cibiya. A nan ne hannun gwani yake rawa.

Na sa sefa 1,000 a kan yaron, na ci. Na sake, na ci. Har ya kai wasan ƙarshe ina binsa ina ci, ina ƙara abin da nake sawa. Ranar 3 ga Janairun 2024 ya haɗu da Luke Humphries, na tattara ribar duka na haɗa da jaka talatin, wato sefa 30,000, daga jarin albasata. Yaron yana gaba da zango 4 da 2 (kowane zango zagaye da yawa ne a haɗe), ya samu kibiya ɗaya da za ta mai da shi 5 da 2, ta kauce da ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Daga nan Humphries ya ci zango biyar a jere, aka tashi 7 da 4. Ina zaune a kan benci, shayina ya huce a gabana, ban iya ɗaga kofin ba.

Da a nan na tsaya da na yi arziki. Gasa ta ƙare, amma cikin manhajar caca ta waya wasan ba ya ƙarewa. Akwai ƙananan gasanni kusan kullum, da rana tsaka, 'yan wasan da ban taɓa jin sunansu ba. Kuma ga abin da nake so ka riƙe, Yaya: a ƙwallo kana sa kuɗi ka jira minti 90, zuciyarka ta samu lokacin hucewa. A nan zagaye ɗaya minti biyu ne, wani lokaci bai kai ba. Wa zai ci wannan zagayen, wa zai fara yin 180, da maki nawa za a rufe. Ka faɗi, kafin ka haɗiye miyau an buɗe maka wata ƙofa. Na taɓa sa kuɗi sau goma sha wani abu tsakanin azahar da la'asar, ina zaune kan buhu, mai saye yana tambayata farashi ina ce masa ya dakata.

Kafin damina jari ya ƙare. Yanzu wa wani nake sayar da albasa, ana biyana a buhu.

Malamin lissafi, Ngaundare

Alhaji Mai Shago, tunda ya ce harkar lissafi ce, ka zauna da shi ku yi lissafin a takarda. Ni ma wannan tunanin ne ya ja ni na yi wata huɗu a ciki.

In 'yan wasa biyu ƙarfinsu ɗaya, adalci shi ne kot ɗin kowanne, wato ninkin kuɗin da ake biyanka in ka ci, ya zama 2.00. Ka ce ya buɗe wayarsa ya duba. Zai ga abu kamar 1.85 da 1.85. Ka sa 1,000 nan, ka sa 1,000 can, dole ɗaya ya ci, ka fitar da 2,000 a dawo maka da 1,850. Wannan 150 ɗin na masu manhaja ne tun kafin a jefa kibiyar farko.

Sai tarkon gwanaye. Babban ɗan wasa a kan ƙarami, kot 1.10, ka ce kuɗi ne a ƙasa. Ribarka 100 a kan 1,000. Sai ka ci sau goma kafin ka mai da faɗuwa ɗaya. Da mutum ya ga ribar ba ta da auki sai ya koma kombine, ya haɗa biyar a tike ɗaya. A ce kowannensu yana cin wasa takwas cikin goma: damar su ci duka biyar ɗin ba ta wuce ɗaya cikin uku ba. Ni ne nake koya wa yara wannan darasin a lise, wato sakandare, amma da dare ina buga tikena ina cewa nawa daban ne. Abin da ya tsayar da ni littafi ne. Na rubuta duk abin da na sa da duk abin da ya dawo, ranar da na haɗa jimla ban sake ba.

Abban Hanifa, Njamena

Ni zan faɗi nawa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba, tunda gaskiya aka nema. Har yanzu ina sawa. Jaka ɗaya ranar Alhamis, lokacin gasar firimiyarsu ta mutum takwas da ake yi daga Fabrairu zuwa Mayu, ba na ƙarawa ko na ci ko na faɗi. A gasar duniya ta Disambar 2025 na sa 500 a kan David Munyua na Kenya, don kawai ɗan Afirka ne kuma likitan dabbobi. Ana binsa 2 da 0 ya farfaɗo ya kayar da Mike De Decker na Beljiyam 3 da 2. Na yi ta tsalle ni kaɗai a ɗaki.

Amma Malam ya yi gaskiya a kan littafi. Ni ma ina rubutawa, kuma duk da wannan cin, shekarar ta tashi ina ƙasa. Ba da yawa ba, amma ƙasa. Kuma cikin mu shida da muka fara tare, ni kaɗai ne na tsaya a kan iyakar da na sa wa kaina. Ba zan ce wa ƙanenka ya yi irin nawa ba, don wanda ya riga ya taɓa kuɗin da ba nasa ba ya wuce wannan matakin.

Baba Liman, Garwa

Ɗana Abban Hanifa, na gode da ba ka yi ƙarya ba, amma ƙanƙantar abu ba ta halatta shi. Ka koma Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Ba asarar dukiya aka ambata ba, an ambaci gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Ɗana na biyu ya shiga wannan abu bara. Zaman rana na gasar duniyar yana farawa ƙarfe ɗaya da rabi agogon nan, daidai lokacin da ake tayar da azahar a masallacinmu. Da rashin ganinsa a sahu na gane, tun kafin maganar kuɗi ta fito.

Maman Walid, Kusiri

Yaya Mai Shago, ni ban taɓa sawa ba, amma a ɗakina aka yi, don haka ina da abin cewa.

Maigidana yana ɗaukar kaya ya tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena. Mutum ne mai kunya, ko sigari ba ya sha. Da ya fara kallon wasan nan murna na yi, na ce gara wannan da yawon dare. Har ni yake kira in zo in ga, ya nuna mini wata mace 'yar Ingila, Fallon Sherrock, wadda a 2019 ta zama mace ta farko da ta ci wasa a gasar duniyar. Muna kallo tare da yara, ban san akwai kuɗi a ƙarƙashi ba.

Ni ce uwar adashe a layinmu, mu goma sha biyu, jaka biyar-biyar duk Juma'a, kuma yawanci ta waya suke turo mini. Ya san lambar sirrina, ni na ba shi da kaina. Ranar kwasar wata baiwar Allah da za ta aurar da 'yarta na je wurin mai cire kuɗi, ya duba ya ce, "Hajiya, 4,000 ne a ciki." Na ce ya sake dubawa. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, sai da ya ba ni kujerarsa. 'Yan kunnena na aure na sayar a ranar na cika wa matar kuɗinta, har yau ba ta san abin da ya faru ba.

Da na tambaye shi kuka ya yi. Ya ce bai taɓa nufin ci ba, aro ya yi, yana jiran tike ɗaya ya mayar kafin Juma'a. Na yarda da shi, don na san halinsa. Shi ya sa nake ce maka kada ka tsaya kan giɓin da kake gani a kuɗin moto. Ka tambaye shi wa da wa ke binsa bashi. Kuma kada ka yi masa a gaban mutane ko a gaban mahaifiyarku. Mu sai da yayansa ya zo daga Marwa suka rufe ƙofa su biyu kafin ya faɗi adadin gaskiya, ya ninka abin da ya faɗa mini sau uku.

Tsohon ɗan kiyos, Garwa

Na yi shekara biyu ina buga wa mutane tike. Abu biyu kawai zan ƙara. Hoton da kake gani a waya yana bayan abin da ke faruwa a zauren da 'yan daƙiƙu, balle da irin intanet ɗinmu. Kana ganin mutum yana shirin jifa, su can kibiyar ta riga ta sauka, kot ya riga ya canza. Na biyu, ƙananan gasannin nan da Ɗan Domayo ya ambata. A 2024 hukumar ladabtarwa ta wasan a Ingila ta dakatar da wani matashin ɗan wasa shekara 8 saboda sayar da wasa. Wasan mutum ɗaya ne, ba sai an sayi mutum goma sha ɗaya ba, ya kautar da hannu kaɗan ya isa. Kai kuma kana unguwar Rumde Ajiya a Garwa kana nazarin makinsa na makon jiya.

Ɗan Domayo, Marwa

Na manta ban faɗa ba. Littler ɗin nan ya ci kofin duniyar a Janairun 2025, ya doke Michael van Gerwen na Holan 7 da 3, ya sake ci a 2026 aka ba shi fam miliyan ɗaya. Ƙanenka zai kawo maka wannan hujjar, ya ce da ka bi yaron da ka ci. Ka tambaye shi nawa ne kot ɗinsa yanzu da kowa ya san shi. Ni na kalli wasannin biyu ba ko dala a kai, kuma a lokacin ne na fara ganin wasan sosai. Da ina kallon lambobi ne a gefen allo.

Mai Shago, Garwa

Allah ya saka muku da alheri, kowa da kowa. Maman Walid, shawararki na bi. Jiya bayan isha na rufe shago da mu biyu a ciki. Da farko ya yi ta musu, sai na ce ba faɗa na zo yi ba, mu buɗe saƙonnin kuɗin wayarsa daga 1 ga Disamba, shi yana karantawa ni ina rubutawa a bayan kwali, yadda Malam ya ce. Abin da ya fita 214,000, abin da ya dawo 131,000. Ya karɓi kwalin ya sake haɗawa da kansa har sau biyu. Shi a ransa yana ganin bai faɗi fiye da jaka ashirin ba.

Bashi kuma akwai, 38,000 wurin mai sayar masa da mai da wani abokinsa. Na ce zan biya, ya riƙa mayar mini 500 kullum a kan kuɗin moto. Ya goge manhajar a gabana, amma na san minti biyu ya isa a sake sauke ta, kuma yau da safe bai ci abinci tare da ni ba. Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Ɗan Domayo, in ba za ka damu ba ina so in haɗa ku a waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni bai ɗauke ni wanda ya san daɗin abin ba. Ka ba shi labarin kibiyar nan da ta kauce, da abin da ya biyo baya har zuwa buhunan albasa.